Sunan Aro

Ku 'ya'yan Ɗanjuma, an faɗa mini abin da kuka tambayi gwaggonku Ramatu da kuka zo hutu bara. Wai ta yaya kakarku ta zama Bahausa 'yar unguwar Nima, mai salla da cin goro, ku kuma kuna amsa Lamte, sunan ƙabilar Ga, 'yan asalin garin nan? Ramatu ta ba ku irin amsar da ake ba yaro don ya tafi wasa. Ni ba haka nake ba. Na zaunar da ita da biro da takarda, na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini magana, don ni na koya mata magana. In an karanta muku, ko an juya muku shi da Turanci, ku riƙe. Akwai masu ba da wannan labari a Nima da Mamobi, kuma duk a karkace suke ba da shi.

Ban taɓa zama a aji ba. Koko da ƙosai na sayar a bakin lungunmu har gwiwa ta ƙi. Amma ku tambayi duk wanda ya tsufa a Zongo wace ce Adiza mai koko. In za a yi aure aka rasa sanin asalin ango, ni ake aiko wa. In ana suna, kafin sanƙira ya buɗe baki ya fara kiran dangi, sai ya raɓo wurina ya ce, Hajiya, wace ce ma ta haifi kakar jaririn nan? In jero masa su tun daga wanda ya fara sauke kaya a Zongo Lane. Can aka haife ni, can aka haifi uwata. Wasu mata kwanukan tangaran suka tara a kabad, ni sunayen mutane na tara, kuma ba a taɓa kama ni na sa wani a zuriyar da ba tasa ba.

Kakanku, Malam, ba haifaffen nan ba ne. Yana saurayi ya biyo motar goro daga ƙasar Katsina, ya sauka Ankara, babban birnin nan namu na bakin teku, da almakashi a aljihu. Tela ne, kekensa na ƙarƙashin rumfa kusa da babban kwalbati, kuma kowa Malam Tela yake ce masa, babba da yaro. Mutum ne da magana take yi wa tsada. In na cika shi da surutu sai ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Adiza, rage wa gobe." Shi ke nan, ya mayar da allurarsa. Haka muka zauna, ni ina zuba, shi yana ɗinki, har Allah ya ba mu ubanku da Ramatu.

Shekarar da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar, ubanku yana ajin ƙarshe na firamare. Ba ku ga Nima a lokacin ba, kuma ba na muku fatan ganin irinta. Ƙofofi a buɗe, gadaje da tukwane a bakin titi ana rabuwa da su yadda aka samu, tsofaffin da suka manta hanyar garinsu suna zaune a kan akwati suna jiran mota. Malam ba shi da takarda. Ni kuwa ina da kabarin uwa da na kaka a garin nan, ba wanda ya isa ya ce mini baƙuwa. Ya kwance kan kekensa ya naɗe a bargo, ya bar ƙafafun a ɗaki. Na raka shi inda manyan motoci suke lodi.

"Ki zauna da yaran," ya ce. "Abin gwamnati zazzaɓi ne, zai sauka. Kada ki fitar da yaron nan daga makaranta."

"In sun kore shi fa?"

"Ke ce Adiza. Za ki san yadda za ki yi."

Iyakar sallamarmu ke nan. Mutane sun cika wurin, ba halin in riƙe masa ko bakin riga. Na tsaya ina kallon farar hularsa a saman kaya har motar ta sha kwana.

Ba a daɗe ba hedimasta ya aiko aka kira ni. Ya ce yaron yana da kai, irin kan da ba a samu kullum, kuma jarrabawar shiga sakandare ta matso, wadda in yaro ya ci da kyau gwamnati take ɗaukar nauyinsa. Amma ana ta raɗe-raɗin cewa takardar yaron da sunan ubansa ya nuna baƙo ne, gefe za a ajiye ta. Ban sani ba ko doka ce ko tsoro ne kawai. A wannan shekara tsoro ma doka ne. Na dawo gida na zauna gaban murhu, na kasa ko ƙyasta ashana.

Gidan da muke haya na wani kafinta ne, mutumin Ga, Kirista, muna ce masa Ataa Lamte. Ataa a bakinsu kamar baba ne a namu. 'Ya'yansa duk mata, shagonsa a ƙofar gida, kullum gashin kansa da garin katako. Yana jin Hausa irin ta Zongo, wadda ba ta san mace ba, kowa "kai" ne. Ya shigo ɗaukar guduma ya gan ni.

"Adiza, kai kana kuka? Ni ban taɓa gani ba."

"Hayaƙi ne, Ataa."

"Wuta bai kama ba tukuna."

Na gaya masa. Ya tsaya yana sosa ƙeya da fensir ɗin da yake maƙalewa a kunne.

"Ka ba ni yaro gobe. Zan kai shi wurin hedimasta, zan ce a rubuta Lamte."

"Ataa, ɗan Musulmi ne. Yana da uba, uban yana da rai."

"Ni na ce zan kai shi coci? Suna kawai. Ka ga tsani can? Mutane suna zuwa aro, su hau, su gyara kwano, su kawo mini abina. Yaro ya hau. In ya kai sama, ya dawo mini da shi."

A tsaye na yanke, ban yi shawara da kowa ba. Kuma ku ji da kyau, don nan ne masu labari suke karkata shi: ban sayar da ɗa ba, ban ba da ɗa ba, aron suna na yi daga mutumin kirki. In yau aka mayar da ni wannan tsakar gida, abin da zan sake yi ke nan. Washegari Ataa ya sa farar rigarsa ta coci ya riƙe hannun ubanku suka tafi. Yaron ya fita da suna ɗaya, ya dawo da wani. Ya ci jarrabawa, har hedimasta ya zo da kansa ya sha kokona.

Na aika wa Malam saƙo ta hannun wani direban motar goro. Na sa shi ya maimaita mini maganar har na tabbata ya riƙe ta yadda na faɗa, da tsanin da komai. Watanni suka wuce kafin ya dawo. Na tare shi tun bai kashe mota ba.

"Ka same shi? Me ya ce?"

"Na same shi yana ɗinki a kasuwa. Na faɗa masa duka. Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce, to."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Hajiya. To."

Ku da ba ku girma da Hausa ba, ba za ku san nauyin wannan kalma ba. Akwai "to" ta na yarda, akwai "to" ta kin kyauta, akwai "to" ta na ji amma ba zan manta ba, akwai ta mutumin da aka soka bai so a ga jini. Da ina wurin, da na gane wacce ce tun kafin ya rufe baki. Na tambayi direban nan yadda ya ja ta, gajere ko doguwa, ya kalle ni kamar na taɓu. Na ce ba komai, in Malam ya dawo zan tambaye shi. Bai dawo ba. Damina ta biyu aka aiko cewa ciwon ƙirji ya ɗauke shi, an binne shi a wani ƙauye da ban taɓa gani ba. Har yau ina juya wannan "to" kamar ƙosai a mai, kuma ba ta taɓa nuna mini gefe ɗaya sau biyu a jere ba.

Ubanku ya yi ta hawa. Sakandare, jami'a, sannan Ingila. Ilimin tattalin arziki ya fara karantawa. Da na tambaye shi mene ne shi, ya ce sanin dalilin da ya sa masara take tsada. Na ce da ka tambaye ni da na rage maka kuɗin jirgi. Shekarar yunwa, da aka yi fari da gobarar daji, ya zo ya yi ta bin matan kasuwa yana tambayar abin da suke dafawa da abin da suka daina dafawa, ya koma ya rubuta. Daga baya ɗan Ramatu na fari ya rasu da zazzaɓin sauro, ana ba shi maganin da muka saba, maganin bai ci ba. Wannan rasuwa ta juya ubanku. Ya shiga cikin likitoci da masu duba jini, suka haɗa kai suna bin yadda magani yake daina aiki, da abin da ciwo yake ci a gidan talaka. Duk wanda ya dawo daga Turai sai ya zo ya ce mini, Hajiya, ana ambaton ɗanki ko'ina. In ce madalla. A raina kuwa in ce, yaron ya kusa kai wa sama, tsani ya kusa komawa wurin mai shi.

Sai Ataa Lamte ya rasu, da tsufansa, Allah ya saka masa da alherin da ya yi mana. Wannan ita ce shekarar da nake so ku sani. Mutanen Ga ba sa gaggawar binne mamaci kamar mu, sai da aka jira dangi, ubanku ma ya taso daga Ingila. Aka kafa rumfuna aka tare titi, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika a kan sanda. 'Ya'yan Ataa suka ɗinka wa ubanku baƙin zane irin nasu, suka zaunar da shi a layin gaba. Ban ga laifinsu ba, tare suka tashi, ɗan'uwa suke ce masa. Mu matan Zongo muka je gaisuwa aka ba mu benci a gefe. Can mai magana da lasifika ya fara kiran 'ya'yan mamaci, ina jin yarensu sarai. Da ya zo kan ubanku sai ya ƙara murya. Ya ce ga Dakta Lamte, ɗan gidan nan, wanda malaman duniya suke ambaton sunansa, ya kai sunan kafinta inda kafinta bai taɓa takawa ba. Aka yi tafi.

Hajiya Meri mai atamfa tana kusa da ni. Ta karkato, ta yi ƙasa da murya yadda duk bencin zai ji.

"Adiza, ashe har gado za ku ci a gidan kafinta?"

"In an raba zan aiko miki da zarto, Meri, ki rage harshen."

Aka yi dariya, na ci wannan. Na tashi na koma gida. Ba maganar Meri ce ta dame ni ba. Tafin ne. Duk wannan tafi, da na wani mutum ne mai farar hula.

Da safe ina tace gasara ubanku ya fito ya zauna a kan turmi, kamar yadda yake yi yana yaro. Na zuba masa koko. Ɗanjuma nake ce masa, kun sani, ɗan fari ne, ba na kama sunansa na yanka.

"Ɗanjuma, ambaton nan da ake ta faɗa, nawa kake ba su?"

"Su wa, Mma?"

"Masu ambaton. Sanƙira ma ba ya kiran sunanka a banza."

Ya yi dariya har koko ya zubo masa a riga.

"Ba a biya, Mma. In aka ji ka biya, ka gama yawo. In malami yana karatu a masallaci, ba yakan ce wane ya ce, a littafi kaza ba? To haka ne. Duk wanda ya ɗora aikinsa a kan nawa, dole ya rubuta sunana a ƙarshen takardarsa."

"Har wanda bai yarda da kai ba?"

"Har shi. Ko ƙaryata ni ya zo yi, sai ya kira sunana, kuma ana ƙirgawa."

"Lalle Turawa ba su san bakin mutane ba. Wa yake ƙirgawar?"

Ya ce akwai wasu littattafai manya kamar bulo da ake bugawa duk shekara a ajiye a ɗakin karatu. Babu labari a ciki, sunaye ne zalla. Ƙarƙashin sunan kowane malami an jera waɗanda suka ambace shi, da inda suka ambace shi. Na ce wato akwai mai irin aikina a Ingila, kuma shi ana biyansa. Muka yi dariya tare. Sannan na ajiye rariya na goge hannu.

"Mai tsani ya tafi, Ɗanjuma. Kai kuma ka kai sama, jiya na ji da lasifika. A mayar wa gidan da abinsu. Ka sa sunan ubanka."

Ya ajiye kofin. Bai yi musu ba, ubanku bai taɓa yi mini musu ba. Ya ce zai gaya mini yadda abin yake, sannan in yanke. A shekarar ake duba shi don kujerar farfesa, kuma masu dubawa waɗannan littattafai za su buɗe. Ya ce tun yanzu ma yana shan wuya, don aikinsa gida biyu ne.

"Masu tattalin arziki suna cewa na gudu wurin likitoci. Likitoci suna cewa ni baƙo ne, ban taɓa riƙe allura ba. Kowane ɓangare rabina yake gani."

"Har can ma baƙo?"

"Har can, Mma. Abin da ya ɗinke biyun, sunan nan ne kaɗai. Shi yake nuna mai maganar masara shi ne mai maganar zazzaɓi. In na sauya, littafin bai san dangantaka ba. Zai buɗe wa sabon sunan wuri daban, fanko, kamar yaron da ya fara jiya. Tsohon kuma ya tsaya kamar mai shi ya mutu."

"Ba za ka gaya musu kai ne ba?"

"Zan gaya wa na kusa. Amma likitan da yake wata ƙasa, wanda ya ga sunan a takarda ɗaya yana neman sauran, wa zai gaya masa?" Sannan ya ce, "Duk da haka, in kin ce in sa, zan sa. Ki faɗa kawai. Ki ce, sa sunan wane. Ina komawa zan rubuta musu."

Na buɗe baki. Ni Adiza, da nake jero kakannin mutum bakwai ban haɗiye yawu ba. Babu abin da ya fito.

Dole in tsaya in yi muku bayani, ku 'yan Turai, da na ji uwarku tana kiran ubanku da sunansa daga kicin kamar mai kiran ɗan aike. Mu a namu tashin, mace ba ta kama sunan mijinta. Ba a gabansa ba, ba a bayansa ba, ba bayan ransa ba. Ko yaron maƙwabta ne yake da sunan, mai sunan Malam nake ce masa. Ba wanda ya tsaya a kaina da bulala. Kunya ce, kuma ita ce adonmu. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa sunan nan yake bakina, a ƙarƙashin harshe, ban taɓa barinsa ya fito ba. Yana da rai ban damu ba, ga shi nan ina gani. Da ya tafi sai na fara jin yunwar sunan. A lungu nakan ji wata tana ƙwala wa ɗanta kira da shi, amma wannan na ɗanta ne. Ni so nake a faɗe shi ana nufin Malam, haɗe da na ubansa, yadda liman ya faɗa ranar ɗaurin aurenmu ina bayan labule. Waɗanda suka san shi da wannan suna, motoci sun kwashe su a shekara ɗaya. Sauran Malam Tela suka sani. Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan littattafan ubanku. Na ce tunda bakina ba zai iya ba, bari bakunan duniya su yi mini.

Ubanku ya ga bakina a buɗe, ya gan shi ya rufu. Ya sunkuyar da kai. Ina jin a ranar ya fara gane abin da nake nema.

Na ce ya ba ni kwanaki. Ina suya ina tunani, ina tafiya kasuwa ina tunani. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne wata mata 'yar ƙasar Dosso. Shekaru bayan korar baƙi ta zo Ankara neman wanta Hamidu, da ya ƙi tafiya, ya ɗauki sunan mutanen nan don ya tsira da aikinsa. Ta bi Nima gida gida, ta bi Mamobi, har ta kai Kotobabi ta tsaya a ƙofar gidan da yake ciki. Ta tambayi yaran da ke wasa ko akwai Hamidu a nan. Suka ce babu. Ba ƙarya suka yi ba, 'ya'yansa ne, ba su taɓa jin sunan ba. Ta koma garinsu. Sai bayan ta tafi labarin ya iso kunnena, kuma har ya mutu ba su gana ba. Na san abin da yankewar suna take yi. Aikina ke nan. Mai nema yakan zo har bakin ƙofa ya juya. Na tuna likitan nan na wata ƙasa da ubanku ya ambata, na sa masa fuska, na sa masa yaro mai zafin jiki a gabansa irin ɗan Ramatu. Na gan shi yana bin sunan Lamte yana bi, sai hanya ta ƙare.

Na sami ubanku da la'asar a ƙofar shagon Ataa, yana taya 'ya'yan marigayin kwashe katako.

"Bar shi," na ce.

"Mma?"

"Sunan. Bar shi yadda yake. Mutane da yawa sun riga sun hau tsanin nan a bayanka, ba a janye shi da mutane a kai."

"Baba fa?"

"Ubanka cewa ya yi kada in fitar da kai daga makaranta. Ban ga ka fito ba tukuna."

Ya so ya yi magana na ɗaga masa hannu, na wuce ciki. Ba na son a gode mini a kan abin da yake mini ciwo.

Ranar da zai koma, tasi tana jira a bakin titi don ba ta iya shiga lungunmu. Ya shigo ɗakina sallama. Ya kawo mini wasu 'yan siraran takardu, ayyukansa da aka buga, wai in ajiye ko ban iya karantawa ba. Na zaro ɗaya na miƙa masa.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta matan kasuwa ce, shekarar yunwa."

"Karanta mini samanta."

Ya karanta Turancinsa, ya ƙare da Lamte.

"Ba haka ba," na ce. Ban kalle shi ba, tabarma nake kallo. "Karanta yadda da za ta kasance."

Ya gyara tsayuwa, ya haɗa ƙafa kamar yaro gaban hedimasta. Ya sake karanta Turancin a hankali, da muryar da nake jin da ita yake magana a gaban malamai. Ya faɗi sunansa na yanka. Sannan ya faɗi na ubansa, cikakke, haɗe da na kakansa.

Ɗakin bai canza ba. Kaji na ta tono a tsakar gida, wata tana daka a maƙwabta. Ni kuwa sai ga mutumin a bakin ƙofa, da allura a baki.

"Akwai ta likitoci a ciki?"

"Akwai, Mma."

"Ita ma."

Ya zaro ta. Wannan sunaye ne da yawa a samanta, na Turawa, na Indiyawa, ya bi su ɗaya ɗaya, ya sa Malam a tsakiyarsu inda Lamte yake. Tela daga ƙasar Katsina, zaune cikin likitoci, ba wanda ya tambaye shi takarda. Mai tasi ya danna ham. Na ce tafi, kada jirgi ya bar ka. Ya durƙusa na dafa kansa, ya fita.

An ba shi kujerar. Ramatu ta ce yanzu ba a buɗe littattafan nan masu kama da bulo, a na'ura ake dubawa, kuma ambaton sai ƙaruwa yake, gida biyun duka. Madalla. Lamte sunan mutumin kirki ne, ku riƙe shi da mutunci, duk wanda ya ce muku na sata ne ku turo mini shi. Amma tun wannan safiya ban ƙara jin an faɗi ɗaya sunan ba. Ubanku in ya zo ba na iya sake roƙonsa, sau ɗaya ma da ƙyar na yi. Ga Ramatu nan ta ajiye biro ta buɗe baki za ta faɗa mini, na ce a'a, ɗauki bironki. Ba daga gare ta nake so ba. Daga bakin waɗanda da shi ya kamata a riƙa kiransu nake so.

Ku tambayi ubanku, yana bakinsa. Ku koya da kyau, kada ku tauna shi irin na Turawa. In Allah ya kawo ku ina da rai, kada ku tsaya daga ƙofa. Ku zagayo ta hagu, wannan kunnen ne yake ji.